Ashana a Ƙofar Iska

Wai kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai zauna a shagon gahawar ƙauyenmu ba ranar da motar baƙi ta tsaya a dandali, mutum tara suka sauko da sanduna da jakunkunan goyo, suka wuce Zisis yana zaune kusa da alfadarinsa, ko kallo bai ishe su ba, suka tambayi mai shago, "Don Allah ina ne gidan Lambros?"

Lambros fa! Zisis ya ajiye kofi da ƙarfi har gahawa ta fallatsa masa a wando.

Shekarunsa sittin da ɗaya a lokacin, dogo, busasshe, ƙwauri kamar sandar makiyayi. Tun yana ɗan sha huɗu yake hawan dutsen Annabi Iliya da alfadari. Ya kai wa makiyaya gari da gishiri, ya sauko da cuku. Duk simintin da aka gyara ɗan cocin ƙololuwa da shi, shi ya hau da shi buhu-buhu. Daga famfon dandali zuwa ƙofar cocin nan, mai lafiya awa huɗu yake yi. Zisis awa ɗaya da minti hamsin. Ba wanda bai san lissafin nan ba a ƙauyenmu, don ba ya bari a manta. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya san yadda ya cusa shi cikin hira. Shekara talatin duk baƙon da ya zo hawan dutse shi ake kai wa. Ya sa su a gaba, ko in ce a baya, yana tafe yana zuba, su kai sama harshe a waje, su ɗauki hoto, ya dawo da su kafin abincin rana ya huce.

Amma ba baƙi ne abin alfaharinsa na gaske ba, fitila ce. Kowace shekara ran ashirin ga Yuli, sallar Annabi Iliya, limami yakan kunna fitila a cocin ƙauye, a hau da ita a ƙafa har sama, a kunna ta can da ita, kowane gida ya ɗebi wuta ya koma da ita. Ɗan jan kofin gilashi ne kawai, ruwa a ƙasa, man zaitun a sama, lagwani na yawo a kai. Ba murfi, ba ƙwan fitila, sai tafin hannu da hula. Gidan su Zisis ke ɗauka. Kakansa ya ɗauka, ubansa Barba-Mitros ya ɗauka shekara arba'in, shi kuma ashirin da biyu. Ƙa'idar ɗaya ce, kowa ya san ta: wanda ta mutu a hannunsa ya sauke ke nan, fitila ta bar gidansu har abada.

Lambros kuwa ɗan baffansa ne, Zisis ya girme shi da shekara biyu. Shekara ashirin da biyar da suka wuce ya faɗo daga rufin gidansa yana gyaran duwatsun rufi, likitocin birnin Yannina suka ɗaure masa ƙugu da ƙarfe. Tun daga nan taku ashirin yake yi ya tsaya. Ga ƙirji da taba ta cinye, in yana hawa ba ya iya haɗa tafiya da magana. Yana da amya shida a gefen dutse, yakan tsinko ganyen shayi ya shanya. Zisis yana sonsa a da, wallahi yana sonsa. Yakan wuce shi a hanya ya ce, "Ɗan'uwa, in aiko maka da abincin gobe nan, ko za ka isa gida kafin nan?" Lambros ya yi murmushi ya ɗaga sanda. Tausayin wanda ka fi ai akwai daɗi.

Haƙori ne ya jawo komai. Wata Laraba Zisis ya tafi Yannina cire haƙori, sai ga wata Bajamushiya, Ilse, malamar makaranta mai ritaya, tana son hawa. Mai shago ya duba dandali, ba kowa sai Lambros da zai je duba zumarsa. Ya ce ta bi shi, in ta gaji da jira ta dawo. Awa bakwai suka yi kafin su kai sama. Da ta sauko idanunta jawur, ta riƙe hannun Lambros da hannu biyu, ta ce shekara arba'in rabonta da jin shiru irin wannan. Ta koma ƙasarsu ta rubuta abin da ta rubuta a waya. Bazara mai zuwa sai ga su, daga Jamus, daga Holan, har da masu ofis daga Atina, babban birninmu, duk bakinsu ɗaya: ba sa son sauri, mai tafiya a hankali suke nema.

"Shiru?" in ji Zisis a shago, kumatu har yanzu yana tuna haƙorin nan. "Wane irin shiru? Numfashi ne ba shi da shi! Ku ba shi huhu ku ga in bai fi ni surutu ba. Mutum ya faɗo daga rufi saboda sakarci, yau an wayi gari shi ne waliyyi. To ni ma a ba ni tsani!"

Aka yi dariya, amma shi ba wasa yake ba. Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya ga Lambros ya fito da baƙi a bayansa, suna takawa ɗaya-ɗaya kamar masu rakiyar gawa, sai ya kau da kai. Ba kuɗin ne ya dame shi ba, Lambros ma rabin lokaci zuma yake sayar musu ya ce ya isa. Kallon da suke yi masa ne. Shekara talatin ba baƙon da ya taɓa kallon Zisis haka.

Matarsa Antula ta ce, "Hassada ga mai rabo taki, maigida. Kana ta hura hanci, shi yana ta ƙiba."

"Wa ke hassada? Ni? Da gurgu?"

"A'a, ni ce. Ci wakenka."

Sai ya ce shi ma zai gwada. Me ke cikin jan ƙafa? Ya tare wasu mata da miji 'yan Holan tun kafin su kai shago, ya ce shi ne babban wan Lambros, a wurinsa ya koya. Ya taka a hankali har gwiwarsa na ƙaiƙayi. Ya zauna a kan dutse ya ƙura wa kwari ido, ya haɗe gira yadda yake zaton masu tunani suna yi. Minti uku ya duba agogo. Minti biyar ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, yana gaya musu buhun siminti nawa ya ci katangar coci, da yadda wani alfadarinsa ya taɓa cizon ɗan sanda. Sun kai sama cikin awa biyu da rabi, a ganinsa ya yi haƙurin duniya. Da suka sauko matar ta gode masa da ladabi, sannan ta ce, "Ƙanen naka, gobe yana nan?"

Ranar ko alfadarin bai sha da daɗi ba.

Daga nan ya ce lallai akwai abin da Lambros ke gaya musu. Wata safiya ya bi su a ɓoye ta cikin itatuwa, dattijo da furfura yana raɓe-raɓe kamar ɓarawon kaji. Ba abin da ya ji. Lambros ya tsaya, su tsaya. Ya murje wani ganye ya miƙa, su sansana. Ya nuna kunkuru da haɓa, su tsuguna su yi ta kallon kunkuru, sai ka ce ba a taɓa halittar kunkuru ba. Har suka kai Ƙofar Iska, inda hanya ta matse tsakanin duwatsu biyu, iska na busowa daga kwari safe da rana. Kafin a shiga akwai wani faffaɗan dutse a lungu. Nan Lambros ya zauna, baƙi suka kewaye shi, suka yi awa guda ba wanda ya ce uffan. Zisis kuwa yana bayan itace gumi na karyo masa, don ya san abin da ke ƙarƙashin dutsen nan.

To ga abin da ko Antula ba ta sani ba. Shekarar farko da ya ɗauki fitila, bayan rasuwar ubansa, ya yi gaba ya bar jama'a kamar yadda ya saba. Yana shiga Ƙofar Iska, fuf, ta mutu. Ya tsaya da kofi a hannu. Ya waiga, ba kowa, mafi kusa da shi yana can ƙasa da tafiyar rabin awa. Ya tsallake, ya ƙyasta ashana, ya dawo da gudu ya cusa tsinken a tsagar da ke ƙarƙashin faffaɗan dutsen, don kada a gani a hanya. Ya ce bana kaɗai. Shekara ta biyu ya kare da hula, ta mutu. Ta uku ya shiga da baya, ta mutu. Shekara ashirin da biyu, wutar da tsofaffinmu ke sumbata suna kaiwa gida ta fito ne daga kwalin ashana na shagon dandali. Saurin nan da yake taƙama da shi ranar salla, rabinsa gudun ido ne.

Bayan baƙin sun wuce ya je ya zura yatsa a tsagar. Ba ko tsinke ɗaya. Ya ce ruwan sama ne ya tafi da su, ya koma gida bai yarda da kansa ba.

Saura mako guda salla, limaminmu Papa-Sotiris ya kira shi farfajiyar coci. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya yanke ya yanke.

"Zisis, ɗana, bana mutane za su yi yawa. Tsofaffi sun yi mini ƙorafi, sun ce shekara da shekaru ba sa ganin fitila sai bayanta. Wasu sun kawo shawara a ba Lambros, tunda gida ɗaya ne, kuma tafiyarsa kowa zai iya bi."

Zisis ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. "Baba, ya kwashe baƙi ban ce komai ba."

"Ka ce, ɗana. Har cikin coci ina jiyo ka."

"Fitilar ubana ce! Ni ne ɗan Mitros, ba shi ba."

"Shi ya sa ban karɓe ba. Ka ɗauka, amma a tsakiyar jama'a, kafaɗa da kafaɗa da Lambros, daga ƙofar nan har sama. In ba za ka iya ba, faɗa mini yanzu."

Ya sumbaci hannun limami ya fita. Kwana bakwai yana jujjuya abin. In ya bari, Lambros ya gama da shi. In ya ɗauka, za ta mutu a gaban mutum ɗari biyu, fitila ta bar hannunsa da kunya a kai. Gaba kura, baya sayaki. Har ya fara zargin Lambros ne ya kitsa, ya ce wa Antula shiru-shirun nan ba na Allah ba ne, macijin ƙaiƙayi ne. Ta ce in ya sake faɗa za ta ba alfadari abincinsa.

Ranar salla da hantsi aka fito. Papa-Sotiris ya kunna, ya ɗora masa kofi a tafin hannu. Kwalin ashana na aljihun wandonsa, shi kansa bai san amfanin da zai yi masa ba. Tsofaffin mata cikin baƙaƙen kaya, matasa ɗauke da tukwanen dafa akuya, baƙi da sandunansu, har Ilse ta dawo, tana ta kallon Lambros kamar shi ke riƙe da wutar. Taku ashirin a tsaya. Taku ashirin a tsaya. Zisis bai taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba. Da suka doshi Ƙofar Iska ya fara jiyo kukanta, harshen wutar ya soma kwanciya.

Lambros ya ce a hankali, "Zauna."

"Ban gaji ba."

"Na sani. Zauna dai." Sai ya juya ya ɗaga murya iya ƙarfin ƙirjinsa. "Jama'a, ku yi haƙuri, ƙugun nan ya ƙi! Sai kun jira ni."

Aka yi ta guna-guni. Wata tsohuwa ta ce ita da ke da tamanin ba ta zauna ba sai shi. Mutane suka bazu a inuwa. Su biyu suka zauna a kan faffaɗan dutsen, a lungu, inda iska ba ta kaiwa, harshen wutar ya miƙe tsaye.

Da numfashin Lambros ya dawo, ya zaro tsohon gwangwanin taba daga aljihu, ya buɗe shi ƙasa-ƙasa tsakanin gwiwoyinsu. Tsinkayen ashana ne ƙonannu, an jera su.

"Ashirin da biyu," in ji shi. "Kullum ni ne na ƙarshen isowa, kuma nan nake zama. Mai jan ƙafa ƙasa yake kallo."

Zisis ya ƙura wa tsinkayen ido. Da kyar ya ce, "To tashi ka gaya musu. Abin da kake jira ke nan, ko ba haka ba? Ka haɗa fitilar da baƙin ka riƙe."

"Kai dai, yaya, jaki ya fi ka. Da zan faɗa, sai in jira shekara ashirin da biyu? Riƙe kofin da kyau. Ka ga farin dutsen can a tsallaken kwari? In rana ta sauko ta taɓa gindinsa, iska na ɗaukewa. Ba ta daɗewa, kamar shan sigari biyu. Lokacin ake wucewa. Ba hula ba ce, ba baya ba ce, jira ne kawai."

"Wa ya gaya maka?"

"Baffa Mitros. Nan yake zama, inda kake zaune. Mutane sun ɗauka tsufa ne."

"Ƙarya kake. Ni bai taɓa gaya mini ba."

"A ina zai gan ka? Kana can sama kana kaɗa ƙararrawa, a san ka riga kowa. Shekara ukunsa na ƙarshe, bayan na faɗo, ni da shi ne a nan. Na ce ya gaya maka, ya ce ya gwada, kana tsaye kana duba agogo. Ya ce, 'Ranar da ya zauna, ka gaya masa.' Shekarar farko ban iya jira ba, na zo gidanka ana gobe salla. Ka tuna abin da ka ce?"

Zisis ya tuna. Ya ce masa gurgu ba zai koya masa hawan dutse ba.

Zisis ya zuba wa farin dutsen ido. Tun yana yaro yake wuce wurin nan, bai taɓa sanin akwai shi ba. Rana ta yi ta saukowa a jikin dutsen kaɗan-kaɗan, kamar ba ta so. Bai duba agogo ba, don hannun da ke ɗaure da agogon ne ke kare wuta. Can sai kukan iska ya fara ja da baya, ciyawar bakin hanya ta miƙe, har aka jiyo ƙararrawar awaki daga wancan gefen kwari.

"Ƙugu ya saki," in ji Lambros da ƙarfi. "Mu je."

Zisis ya shiga Ƙofar Iska yana takawa kamar mai ɗauke da jariri. Taku sittin ne, ya ƙirga. Wutar ko karkata ba ta yi ba.

A sama ya kunna fitilar coci da ita. Tsofaffi suka yi layi da kyandir. Suna ta sa masa albarka, suna cewa ɗan Mitros bai taɓa ba su kunya ba, bana ma ga haƙurin da ya yi da gurgun nan da ya shanya mutane awa guda a hanya. Lambros yana gefe yana haki, bai ce komai ba. Zisis ma, Allah ya yafe masa, bai ce ba. Da aka hura wutar dafa akuya ya ga Lambros ya matsa ya juye gwangwanin a ciki, ya mayar da shi aljihu.

Da yamma a gida, Antula ta ajiye masa abinci ya ƙi taɓawa.

"Yau kuma mene ne? Fitila na hannunka, gari duk yabonka ake. Ko baƙin ne har yanzu?"

"Ya riƙe baƙin. Ya haɗa da Bajamushiyar, na yafe." Ya ture abincin gefe. "Shekara uku, Antula. Awa guda-guda yana zaune da ubana a kan dutsen nan, su biyu. Ni ko minti biyar ban taɓa yi ba. Ni na haƙa kabarinsa, amma shi ya bar wa magana. Me da me suka faɗa wa juna?"

"Je ka tambaye shi mana."

"Ni? In je in roƙi Lambros labarin ubana?"

Ta rufe abincin da faranti.

Kishin nan bai bar shi ba, kada in yi muku ƙarya. Har yau in an yabi Lambros a shago sai ya ce ai huhu ne babu. Amma washegarin sallar nan, da sassafe, na gan shi da idona a ƙofar gidan Lambros, ba alfadari, ba agogo a hannu. Ya daɗe a tsaye yana gyara hula kafin ya ƙwanƙwasa.